Fitsarin Jini Bayan Tiyatar Kansar Mafitsara: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda aka yi wa aikin kansar mafitsara yakan koma gida da tunanin jinin da ya kai shi asibiti ya tafi ke nan. Washegari ya zaga banɗaki, sai ga fitsari ja. Sau da yawa ciwo ne ke warkewa, babu wani abin tashin hankali. Wani lokaci kuma alama ce ta abin da ba ya jira. Tambayoyin nan su ne majinyata da masu jinyarsu suka fi yi. Yawancin amsoshin sun shafi aikin kankare ƙari ta hanyar fitsari, tunda shi aka fi yi, sannan a taɓo maganin da ake zubawa cikin mafitsara, da gashi, wato ƙona ƙari da hasken na'ura a asibiti, da cire mafitsarar gaba ɗaya. Duk abin da ke nan bai kai maganar likitan da ya yi aikin ba, domin shi ya ga cikin mafitsarar da idonsa.

An ce an cire ƙarin. To daga ina jinin yake fitowa?

Daga gurbin da aka cire shi. Aikin da likitoci ke rubutawa TURBT a kati ba a yanka ciki a yi shi. Ana zura wani siririn ƙarfe mai kyamara ta hanyar fitsari har cikin mafitsara, a bakinsa akwai lanƙwasasshiyar waya mai aiki da lantarki. Da ita ake yayyanko ƙarin kaɗan-kaɗan, a haɗa da ɗan naman da ke ƙarƙashinsa don a gano zurfin da ya kai, sannan a ƙona bakin jijiyoyin da ke zubar da jini. Ba a ɗinki. Wurin yana zama ɗanyen ciwo a cikin jakar da ba ta bushewa, kuma ba ta hutawa: ta cika ta buɗe, ta matse ta zubar, dare da rana. Ciwon da ke irin wannan wuri dole ya ɗan yi tsattsafi kafin ya haɗe.

Kuma ido yana ƙara wa abin girma. Jinin da bai wuce mililita 1 ba ya isa ya sauya launin lita guda ta fitsari. Abin da ka gani ja a bokiti, mafi yawansa ruwa ne.

Kwana nawa ya kamata in ci gaba da ganin jini?

Kwana biyu zuwa uku na farko shi ne lokacin da fitsari ya fi ja, shi ya sa akan bar robar fitsari a jiki, wani lokaci har ana wanke mafitsara da ruwan gishiri ta cikinta. Daga nan launin yana raguwa. Yau ya washe, gobe da safe ya ɗan yi ja, musamman fitsarin farko ko bayan an motsa jiki. Wannan zuwa da komawa yana iya kai mako biyu zuwa huɗu, gwargwadon girman wurin da aka kankare.

Akwai wani lokaci da yake firgita mutane ƙwarai. Fitsari ya riga ya yi fari tas, mutum ya saki jiki, sai tsakanin mako ɗaya zuwa biyu da aiki jini ya dawo, har da 'yan baƙaƙen ɓarɓashi. Ɓawon ciwon ne ya ɓamɓare. Galibi idan aka huta aka sha ruwa sosai, cikin kwana ɗaya ko biyu ya wuce.

Abin dubawa shi ne inda lamarin ya dosa. Jinin da ke raguwa mako bayan mako yana kan hanya. Wanda ke ƙaruwa, ko ya tsaya cak ba ya raguwa, ko ya zarce mako huɗu, ko ya dawo bayan an yi wata da watanni babu shi, wannan na komawa asibiti ne, ba sai ranar da aka rubuta a kati ta zo ba.

Yaya zan gane jinin da za a iya jira da wanda ake tafiya asibiti nan take?

Ka riƙa yin fitsari a wata farar roba ko kwalba, ka duba shi a haske. A masai ba a ganin komai. Idan ya yi kama da ruwan da aka wanke nama, haske yana ratsa shi, kuma yana fita ba tare da wahala ba, ka sha ruwa ka kwanta, ka duba na gaba. Idan ya yi duhu-duhu mai ruwan ƙasa, tsohon jini ne ke wankuwa. Amma idan ja ne jawur, mai kauri, ba a ganin komai ta cikinsa, kuma fitsari biyu ko uku a jere bai sauya ba duk da ruwan da ka sha, to jijiya ce ke zuba yanzu.

Kada a kwana a gida idan gudajin jini manya suna fita, ko fitsari ya tsaya ko yana ɗiga da ƙyar alhali mara ta cika, ko zazzaɓi ya zo da rawar ɗari, ko jiri yana ɗibar mutum idan ya miƙe, zuciya na bugawa da sauri, yana haki, tafin hannu da cikin ido sun yi fari. Haka nan ciwon ciki mai tsanani da kumburi a kwanakin farko, domin a wasu lokuta, ko da yake ba kasafai ba, aikin yakan huda bangon mafitsara. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa. Ba sai sun haɗu ba.

Fitsari ya tsaya masa cak, mararsa ta kumbura yana ta murƙususu. Me ke faruwa?

Gudan jini ne ya toshe bakin mafitsara. Ƙoda ba ta daina aiki ba, fitsari na ta sauka, hanyar fita kuma a rufe. Mafitsarar da ta buɗe fiye da kima tana ja wa ciwon ya ƙara zuba, jinin ya ƙara daskarewa, abu ya yi ta ninkuwa. A wannan hali kada a ƙara ɗura masa ruwa da sunan wankewa, kada a danna marar, kada a tsaya gasa ta da ruwan zafi. A kai shi asibiti mafi kusa da za a iya sa roba, ko da ba can aka yi aikin ba. Tafiyar awa biyar zuwa asibitin koyarwa da mara a cike azaba ce da babu dalilinta. A fara buɗe hanya, sannan a yi maganar tafiya.

A asibiti za a sa roba mai faɗi, sau da yawa mai baki uku. Da babban sirinji ake tura ruwan gishiri a zuƙo, a tura a zuƙo, har gudajin su fito. Akwai zafi, amma sauƙin da ke biyo baya nan take ne. Daga nan a rataya manyan ledojin ruwa, yana shiga ta baki ɗaya yana fita ta wani, don kada jini ya sami damar sake daskarewa. Za a auna yawan jinin jiki, abin da ake kira PCV, a ga ko ana bukatar ƙarin jini. Idan zubar ta ƙi tsayawa, sai a koma ɗakin tiyata a leƙa da kyamara, a kwashe ragowar gudajin, a ƙona jijiyar. Yana da kyau 'yan'uwa biyu ko uku masu ƙoshin lafiya su bi bayanku, saboda in an ce a nemo jini da tsakar dare, wanda ke tsaye a bakin ƙofa ya fi wanda za a kira a waya.

Da robar fitsari aka sallamo Babanmu, ni ce nake kula da shi. Me zan riƙa dubawa?

Allah Ya ba Baba lafiya, ke kuma Ya ba ki ladan jinya. Jakar ta kasance ƙasa da mararsa ko da yaushe, a kwance yake ko a zaune. Ki riƙa bin robar da ido daga sama har ƙasa, kada ta lanƙwashe ko ya danne ta da cinya, domin sau da yawa abin da ake zaton toshewa lanƙwasa ce kawai. A manne ta a cinya da filasta yadda ba za ta riƙa fizga ba idan ya juya. Fizgar nan kaɗai tana sa jini. A zubar da jakar kafin ta cika, a wanke hannu da sabulu kafin da bayan taɓa ta, a wanke bakin da robar ta shiga da ruwa da sabulu kullum. Inda kunya ta hana ki, ki sa ɗan'uwanki namiji, amma kada a bar wankin.

Ɗan jini a gefen robar, ko jin kamar fitsari ya matse shi alhali roba na ciki, abu ne da aka saba gani. Abin da ba a bari shi ne jaka ta yi awa ɗaya zuwa biyu babu abin da ya sauka, ga mara tana ciwo. Kuma komai ƙorafin Baba, kada kowa ya ja robar ya cire. A can cikin mafitsara akwai ɗan balan-balan da aka cika da ruwa, shi ke riƙe da ita. In aka fizgo ta da shi a cike, zai yaga hanyar fitsari.

Me zan yi, me zan bari, don jinin ya tsaya da wuri?

Ruwa shi ne na farko. Kamar lita 2 a yini, wato ledar ruwa huɗu, a rarrabe daga safe zuwa yamma, ba a kwankwaɗe lokaci guda ba. A watannin zafi ana bukatar fiye da haka. Amma mai ciwon ƙoda ko ciwon zuciya da aka ƙayyade masa ruwa, ya tsaya kan abin da likitansa ya ce. Kada a riƙe fitsari har mara ta cika tam.

Na biyu, duk abin da zai sa ka yi nishi ka bar shi na mako biyu zuwa huɗu: ɗaukar buhu, jan guga, noma, tura mota, ɗaga jarka. Hawan babur a hanya mai gargada ma haka. Mutane sukan manta da taurin bayan gida, alhali yunƙurin da ake yi a masai ya isa ya ɓamɓare ɓawon ciwo. A ci ganye da kayan marmari, gwanda, kuɓewa, alayyahu, in abin ya ƙi a nemi maganin da zai tausasa ciki. Saduwa da iyali a dakata aƙalla mako biyu, kuma sai fitsari ya washe.

Sigari kuwa ba maganar mako biyu ba ce. Ita ce babbar sanadin kansar mafitsara a duniya, domin gubarta ta ƙoda take bi ta taru a fitsari, ta zauna tana jiƙa bangon mafitsara. Wanda ya ci gaba da sha bayan aiki yana ƙara wa ƙarin damar dawowa.

Magungunan da nake sha za su iya sa jinin ya ƙi tsayawa?

Ƙwarai kuwa. Masu sa jini ya tsinke, irin su aspirin, clopidogrel, warfarin da rivaroxaban, suna tsawaita zuba. Sai dai ba a banza aka ɗora mutum a kansu ba. Mai ƙarfe a zuciya ko wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, in ya ajiye su da kansa, yana iya gudun jini ya faɗa abin da ya fi shi. Likitan da ya yi aiki da wanda ya rubuta maganin su ne za su tsayar da ranar dainawa da ranar komawa. Ka tambaya kafin a sallame ka, a rubuta maka a takarda.

Inda aka fi samun matsala a wajenmu shi ne kemis. Mutum ya ji ciwon mara ko ciwon jiki, a haɗa masa ƙwayoyi a ƙulle a leda, ciki da diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam, bai ma san sunansu ba. Waɗannan suna ƙara zubar jini, suna kuma wahalar da ƙodar da ta riga ta jigata. Paracetamol ya fi aminci. Jiƙe-jiƙen gargajiya ma a ajiye su a wannan lokaci, tunda babu mai iya gaya maka abin da ke ciki da yawansa. Akwai kuma tranexamic acid da wasu ke saya don tsayar da jini. A fitsarin jini ba a shan sa da ka, saboda yana iya sa gudajin su yi tauri su ƙi narkewa, su toshe hanya.

Wani ja kuma ba jini ba ne sam. Rifampicin na maganin tarin fuka yana mai da fitsari ja-ja mai ruwan lemo. Gwajin fitsari na 'yan mintuna yana raba gardama.

Ci gaban jinin yana nufin kansar tana nan, ko ta dawo?

A makonnin farko, yawanci a'a. Bayan wata guda kuwa, dole a sa wannan cikin lissafi, tare da sauran dalilai: ƙwayoyin cuta a mafitsara, tsakuwa, kumburin furostet (ƙullin naman da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) ga dattawa maza, magungunan da aka ambata, ko ƙari a can sama cikin ƙoda da bututunta. Mace kuma ta tabbatar ta hanyar fitsari jinin yake fitowa, domin jinin mahaifa bayan daina al'ada wata magana ce daban mai bukatar nata binciken.

Kansar mafitsara ta shahara da dawowa, ko da irin wadda ba ta kai ga tsoka ba. Don haka ake sake leƙawa da kyamara wata uku bayan aiki, sannan a ci gaba lokaci-lokaci har shekaru. Wani ma akan sake masa kankara ta biyu cikin mako biyu zuwa shida, idan ƙarin ya ɗan nutsa, ko naman da aka kai gwaji bai haɗo da tsoka ba, ko ba a iya kwashe shi duka a karon farko ba. Wannan ba alamar an yi kuskure ba ce, tsarin aikin ne.

Halin jinin kansa shi ne ke yaudarar mutane. Ba ya zuwa da zafi, kuma yana ɗaukewa da kansa. Ya zo kwana biyu, ya ɓace wata uku. Mutum ya sha wani abu a tsakani, ya ce maganin ya karɓe shi, alhali ƙarin na can yana girma. Tsayawar jini ba shaida ba ce a kan komai. A ganina babban sakacin da ake yi ma ya riga wannan: a yi aiki, a ji sauƙi, a ƙi komawa karɓar sakamakon gwajin naman da aka yanko. Takardar nan ita ce ke faɗin irin kansar, da zafinta, da ko ta shiga tsoka. Duk abin da za a yi nan gaba a kanta ya rataya. A bi ta, ko da sai an yi sawu uku.

Tun ina yaro nake fama da tsargiya. Ba ita ce ta motsa ba?

Tana iya yiwuwa, amma wannan tunani shi ne ya jinkirta mutane da yawa tun farko. Tsutsar tsargiya daga dodon koɗin ruwa take fitowa, ta huda fatar mai wanka ko kamun kifi ko aikin shinkafa, ta girma ta zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara. Ƙwayayenta suna maƙalewa a bangon mafitsara, su sa kumburi da miki, shi ya sa ake ganin ɗigon jini a ƙarshen fitsari. Nijeriya na cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya, kuma ta fi kama garuruwan da ke bakin madatsun ruwa da filayen noman rani, irin na Tiga da Kadawa a Kano, Bakolori a Zamfara, Goronyo a Sakkwato, da gaɓar Tafkin Chadi da fadamun shinkafa na Kogin Neja a Nijar. A wasu ƙauyuka jinin ya zama ruwan dare har ana ɗaukarsa alamar yaro ya fara girma.

Kumburin shekara da shekaru shi ke iya rikiɗewa ya zama kansa. Tun 1994 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan tsutsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa ga ɗan Adam. Masar ta ga haka ƙarara: da ta ci ƙarfin tsargiya, irin kansar mafitsarar da ke biyo bayanta ta ragu sosai.

Wannan yana da muhimmanci ga mai karatu a nan, domin yawancin bayanan da ke intanet an rubuta su ne don Turai da Amurka, inda kusan kashi 75 cikin 100 na masu cutar ake gano su ƙarin bai shiga tsoka ba. Irin da tsargiya ke jawowa, wanda za ka ga an rubuta squamous a takardar sakamako, yawanci kafin a gano shi ya riga ya nutsa. A irin wannan hali kankarar da aka yi ta ɗibar nama ce don gwaji da rage girma, ba ta kwashe shi duka ba. Jini zai ci gaba domin tushensa na nan, kuma maganar da ke gaba ita ce cire mafitsara idan hali ya yi. Ka tambayi likita kai tsaye: an cire duka ne, ko an ɗiba ne?

Gwajin tsargiya mai sauƙi ne, ana duba ƙwayayen a fitsarin da aka ɗiba tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, kuma praziquantel yana kashe tsutsar. A yi gwajin, a sha maganin in an gani. Amma praziquantel ba ya taɓa ƙari, kuma samun ƙwai a fitsari ba ya soke leƙawa da kyamara.

Ana zuba mini BCG a mafitsara, duk ranar da aka zuba sai na ga jini.

BCG ɗin nan dangin allurar rigakafin tarin fuka ce da ake yi wa jarirai a kafaɗa. Tun 1976 aka fara nuna amfaninta a kansar mafitsara. Ana zuba ta ta roba sau ɗaya a mako har mako shida, a riƙe kamar awa biyu. Aikinta ta tayar da garkuwar jiki a bangon mafitsara, don haka zafin fitsari, yawan zagawa, ɗan jini da kasala na kwana ɗaya ko biyu duk cikin aikin ne.

Sharaɗi ɗaya ne ba a wasa da shi: ba a zuba BCG ranar da ake ganin jini a fitsari, ko akwai ƙwayoyin cuta, ko robar ta ji wa mutum ciwo wajen shiga, kuma ba a farawa sai an yi aƙalla mako biyu da aiki. Ƙwayar mai rai ce, in ta sami buɗaɗɗiyar jijiya tana iya shiga jini. Saboda haka kada ka ɓoye jini don gudun a ɗaga maka rana bayan ka kashe kuɗin mota. Zazzaɓi mai zafi da rawar ɗari, ko wanda ya wuce kwana biyu, na asibiti ne nan take, kuma ka gaya wa duk likitan da ka tarar cewa BCG ake zuba maka, domin maganinsa daban ne da na maleriya. Mitomycin, wanda akan zuba sau ɗaya jim kaɗan bayan aiki, shi ma yana iya sa zafi da ɗan jini, kuma yana ba fitsari launin shuɗi-shuɗi na ɗan lokaci.

Shekara biyu ke nan da aka yi mini gashi. Me ya kawo jini yanzu?

Gashi yana barin tabo a hankali. Bangon mafitsara yakan yi siriri, ƙananan jijiyoyi marasa ƙwari su fito a samansa, su riƙa fashewa. Yana iya bayyana bayan wata shida, yana iya ɗaukar shekaru. Sai an leƙa an tabbatar ba ƙari ba ne kafin a ɗora wa gashi laifi. Ana bin maganinsa daga mai sauƙi zuwa mai nauyi: wankewa, ƙona jijiyoyin, zuba ruwan alif na asibiti a mafitsara, toshe jijiyar da ke kai jini inda akwai kayan aikin.

An cire mini mafitsara gaba ɗaya, ta ciki fitsari ke fita cikin jaka. Ni ma ina ganin jini.

A nan sai an bambance wurin. Naman da ke leƙowa a ciki guntun hanji ne, ja ne mai laushi, kuma yana ɗan fitar da jini in an goge shi ko bakin jaka ya matse shi. A danna da tsumma mai tsabta na 'yan mintuna, a duba ko ramin jakar ya yi ƙanƙanta. Yauƙi mai kama da majina a fitsari shi ma ba ciwo ba ne, hanji ne ke aikin da ya saba. Amma idan fitsarin da ke fitowa daga cikin ramin shi ne ja, bayan makonnin farko sun wuce, to daga sama yake: ƙwayoyin cuta, tsakuwa, ko ƙari a ƙoda ko bututunta. Sai hoto.

Akwai wanda ba a cika faɗa wa mutane ba. Idan an bar tsohuwar hanyar fitsari, jini ko ruwa mai jini da ke ɓata wando daga can abin kai wa likita ne ko da ɗigo ne, domin kansar tana iya ɓullowa a wurin. Wanda aka haɗa masa fitsari da dubura kuma, jininsa yana iya rikicewa da na basir. Kada ya yanke hukunci da kansa.

In na koma asibiti, me za a yi mini, me zan tafi da shi?

Gwajin fitsari da shuka shi don a ga ƙwayar cuta da maganin da zai kashe ta, gwajin yawan jini, gwajin aikin ƙoda, da hoton ciki. Idan ana zargin sama, a yi hoton CT. Uwa-uba leƙawa da kyamara, domin hoton ciki yana tsallake ƙananan ƙari da masu shimfiɗe a bango. Kada a fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a ba da fitsarin, yana ɓata sakamako.

Ka tafi da katinka, takardar sallama, sakamakon gwajin nama, da duk magungunan da kake sha a kwalayensu, har da na gargajiya. Hoton fitsarin a waya, na kwana biyu ko uku, ya fi dogon bayani. Likitocin mafitsara suna asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri da na Jos, da manyan asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram. Inda aka yi aikin ya fi, tunda bayananka na can.

Zubar da ba ta da yawa amma ta daɗe tana cinye jinin jiki a ɓoye. Kasala, haki a ɗan tafiya, da farin ido su ne alamunta. Ana ba da ƙwayar ƙarin jini, wadda ke baƙanta bayan gida kuma tana iya taurara shi. Hanta, nama, wake da ganye suna taimakawa. Lemon malt da madara da ake haɗa wa majinyaci yana da daɗi, amma ba ya mayar da jinin da ya zuba.

An ce ƙarin Mamanmu ya wuce a cire. Haka za mu zuba ido jini na zuba?

A'a. Rashin cirewa ba ya nufin babu abin yi. Gajeren gashi na 'yan kwanaki yana tsayar da zubar jini ga mutane da yawa. Ana iya sake kankare saman ƙarin a ƙona shi, a yi ƙarin jini idan ta galabaita, ko a karkatar da fitsari daga ƙoda ta roba a baya idan hanya ta toshe. Ciwo ma akwai magunguna masu ƙarfi da ake ba da su a asibiti, har da mofin, kuma ba laifi ba ne a nema. Ku tambayi likitanta me za ku yi in fitsari ya tsaya da dare, da asibitin da za ku nufa, tun kafin ranar ta zo.

Yaya zan yi da alwala da salla da azumi?

Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayani a kan mai yoyon fitsari, kuma sun yi masa sassauci. Mai roba ko jaka ya kwatanta wa malamin da ya yarda da shi halin da yake ciki dalla-dalla, zai ji yadda zai yi. Ta ɓangaren lafiya, a zubar da jakar kafin a tayar da salla, a ɗaure ƙaramar jaka a ƙafa ƙarƙashin wando. Idan ruku'u da sujada suna jan robar ko suna tayar da jini, a yi a zaune na ɗan lokaci.

Azumi kuwa yana karo da babban abin da ake bukata, wato ruwa. Yini guda babu sha, musamman in Ramadan ya faɗo a bazara, yana sa fitsari ya yi kauri ya ragu, jini ya sami damar daskarewa. Alƙur'ani ya ba mara lafiya damar ajiyewa ya rama. Wanda bai wuce wata guda da aiki ba, ko yana ganin jini, ko yana da roba, ko yana tsakiyar makonnin BCG, ya yi magana da likitansa kafin ya ɗauka. Wanda ya warke aka ba shi izini, ya raba ruwansa tsakanin buɗa-baki da sahur, kuma in ya ga ja da rana ya karya ya sha ruwa, ya kira asibiti.